Wa Ya Shuka Seleri a Bayan Masara?

Masu karatu, sannunku da haƙuri. Kafin in fara, bari in amsa wa baiwar Allahn nan da ta tambaya ta yaya 'yar Amish, wato mu Kiristocin karkarar Amurka masu gudun kayan zamani, wadda ko lantarki babu a gidansu, take zuba labari a intanet. Da biro nake rubutawa a kan teburin kicin. Maƙwabciyarmu Carol, wadda ba 'yar cikinmu ba ce, ita ke bugawa, ta kuma karanto min abin da kuka ce. Ita ta gaya min wasunku sun kira ni mai taurin kai. Na ji, na gode. Ku bari ku ji na wannan makon tukuna.

Ga waɗanda yau suka shigo: sunana Malinda Glick, ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da huɗu, wato a lissafin matan unguwarmu na kusa tsufa a gida. Mamm, mahaifiyata, ta rasu bara da farkon zafi. Yayyena duk sun yi aure sun kama gabansu, gida ya rage daga ni sai mahaifina, Dat, sai shanun madara da alfadarai. Dat mutum ne da za ka yini da shi ba ka ji kalma goma daga bakinsa ba. Bai san inda gishiri yake a kicin ɗinsa ba. Ranar da na kwana gidan yayata, na dawo na tarar burodi da madara ya ci safe, rana da dare, ya ce min ai shi ma abinci ne.

Shi ya sa da Elam Smucker ya tsayar da keken dokinsa a bakin rafi wata Lahadi, yana dawo da ni daga taron waƙar matasa, ya ce kawunsa ya samar masa gona can a jihar Kentucky kuma ba ya son tafiya shi kaɗai, na ce masa ba zan iya barin Dat ba. Ba wai ba na son sa ba ne. Ina son Elam, son da ke sa in zuba gishiri a kofi. Kafinta ne, aikinsa rufin ɗakunan shanu, yana da jan gashi da kunnuwan da ke rinewa idan ya ji kunya, haɓarsa a aske tas kamar ta kowane saurayi, tunda gemu sai mai aure. Ya daɗe yana kallon wuyan dokinsa, sannan ya ce zai jira ni har a gama girbin masara. Idan har lokacin amsata ba ta canja ba, zai tafi.

Tun ranar nake lallaɓa zuciyata da cewa girbi da saura.

Sai ga Lahadin nan da ta wuce. A gidan su Beiler aka yi ibada, kuma tun daga bakin ƙofa na ga abin da ban gane ba. Tsofaffin mata suna min murmushi har da lumshe ido. Wata ta matse min kumatu. Matar dikin, wato mataimakin limaminmu, ta miƙo min kwanon markaɗaɗɗiyar gyaɗa mai zaƙi a wurin cin abinci, ta raɗa min a kunne, "Allah ya sanya albarka, 'yar nan." Na ce amin, ina tsammanin gyaɗar take nufi. Na duba rigata ko fil ya zame, tunda mu da fil muke kama riga, ban ga komai ba. Baƙar rigar makoki ce dai da nake sawa tun rasuwar Mamm. Shekara ta cika tun watan jiya, an ce in ajiye ta, ni ce hannuna ya kasa.

Elam kuwa, daga bencin maza ko sau ɗaya bai ɗago ya dube ni ba. Da yamma aka tashi daga waƙa, na tsaya inda na saba tsayawa ina gyara igiyar hulata kamar ba jiran kowa nake ba. Keken Elam ya wuce ni fuu, babu kowa a gefensa. A keken 'yar kawuna na dawo gida, a matse tsakanin ƙannenta.

Litinin da safe ina shanya wanki, wandunan Dat a jere daga babba zuwa wanda ya fi tsufa, sai ga keken Goggo Fronie ya shigo da gudu har kaji suna watsewa. Goggo Fronie yayar Dat ce. Duk maganar da Allah ya hana Dat, ita ya ba. Ta sauko da wani ƙunshi a hammata, tana haki.

"Ke! Munafuka! Ni za ki ɓoye wa? Ni da na wanke ki ranar da aka haife ki?"

"Ina kwana, Goggo. Me na ɓoye?"

"Ji ta, wai me ta ɓoye. Riƙe nan."

Ta warware ƙunshin a kan kwandon wankina. Yadi ne shuɗi, mai laushi, irin wanda amare ke ɗinkawa. Na ja da baya kamar garwashi aka miƙo min.

"Goggo, wa zai yi aure?"

"Kakarki. Ke dai bari, na san al'ada, ba a faɗa sai an yi shela a wurin ibada. Bakina ƙanin ƙafata. Amma ni na san Crist ba karsana kaɗai yake zuwa dubawa a gidan nan ba."

Ku tsaya in gabatar muku da Crist Blank. Matarsa ta rasu shekaru biyu da suka wuce ta bar masa yara biyar. Mutumin kirki ne, ba na ɗaukar alhakinsa, amma gemunsa ya kai ƙirji kuma kullum ana iya sanin abin da ya ci da rana ta wurin dubansa. Watan nan ya yi ta zuwa taya wata karsanar Dat, kuma duk zuwan da zai yi sai Goggo ta faɗo daidai lokacin abinci ta ce ai ba ya tafi da yunwa ba. Ta zaunar da shi daura da ni, ta yi ta yabon burodina kamar ni na ƙirƙiro alkama.

"Goggo, ki ji tsoron Allah. Ni da Crist ko gaisuwar kirki ba ta haɗa mu."

"To selerin fa? Na akuya ne?"

"Wane seleri?"

Na nuna mata lambuna. Ga shi nan a fili: tumatir, wake, kabeji, sai ɗan layin seleri guda da bai wuce na miya ba. Kowa a nan ya san abin da seleri, ganyen nan mai dogayen karare, ke nufi. Ba a bikin aure ba tare da shi ba. A dafa shi da madara a ci da kaza, a jera ɗanyensa cikin kwalabe a kan kowane teburi. Gidan da ya dasa shi da yawa a tsakiyar zafi, to akwai amarya a watan Nuwamba, ko sun rantse ko ba su rantse ba. Mata kan rage gudun doki a gaban lambun mutane don wannan kawai.

Goggo ta kama haɓa. "Kai, yarinyar nan ta iya wasa. Ba wannan ba, na bayan masara. Masu rufin ɗakin shanun Beiler duk sun gani daga sama. An ce ya isa ciyar da unguwa biyu."

Masu rufin ɗakin shanun Beiler. Na san wanda ke kan wannan rufin tun makon jiya: Elam.

Goggo ba ta jira ba. Ta haye kekenta tana cewa bari ta biya ta gidan Crist ta ga ko yaran suna da takalman biki. Na bi ta da gudu har bakin titi ina "Goggo, don Allah ki tsaya!" Ta ɗago min hannu ta taga tana dariya, ta yi gaba.

Na tsaya ina haki a gaban 'yar bukkar wayarmu. A nan bakin titi take, tunda ba a shigar da waya cikin gida. Ciki akwai kujera ɗaya, kalandar kamfanin abincin shanu, da wayar da ke ajiye mana saƙo. Zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: har yau muryar Mamm ce ke amsa wa masu kira. Ni da Dat babu wanda ya taɓa zancen canja ta. Wani lokaci ba don saƙo nake zuwa ba, in danna kawai in ji ta.

Na danna.

"Kun samu gidan Jonas Glick. Muna gona ko muna lambu. Ku bar saƙo, amma ku taƙaita, shanu ba sa jira."

Na shiga saƙonni.

Na farko likitan dabbobi ne, wai zai zo Laraba. Na biyu yayata ce: "Malinda, ni ce. A bakin mutane zan ji? To madalla. Ki kira ni, mara mutunci." Na uku wata mai sayar da kaji, wai ta ji za mu buƙaci da yawa a kaka, gara a yi magana da wuri.

Na huɗu ya fara da shiru, sai numfashi. Na san numfashin.

"Malinda, Elam ne. Na... to. Na gaishe da Mamm ɗinki kamar kullum, ta ce in taƙaita." Ya ɗan yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Na ga selerin daga saman rufi. Na kuma sha ganin keken Crist a ƙofarku. Na gane. Gidansa kusa ne, kullum za ki iya leƙa Dat ɗinki, abin da ni ba zan iya ba ki ba ke nan. Ban ji haushinki ba. To, na ɗan ji. Ba zan iya zama in ji an yi shelarku ba, shi ya sa na ce wa kawuna ina tafe. Direban nan mai suna Don zai ɗauke ni a motarsa yau da rana tsaka. Allah ya ba ki zaman lafiya. Shi ke nan."

Wayyo ni Malinda. Na kira lambar su Smucker. Ta yi ta ƙara a tasu bukkar da ke can bakin nasu titin, inda babu mai jin ta sai tsuntsaye. Sai yamma wani zai leƙa, lokacin Elam ya yi nisa.

Na kwasa da gudu. Na ratsa ta bayan ɗakin shanu, na faɗa cikin masara, ganye yana yankar min fuska, hulata ta koma ƙeya. Rabona da wannan gefen gonar tun rasuwar Mamm, don ta nan ake hango maƙabarta, ni kuwa ba na son hangowa. Ina fitowa ɗaya gefen na ja na tsaya.

Seleri ne, jama'a. Ɗaruruwa. Kore shar, a wani fili da aka share a bakin rafi. Amma layukan! Wani ya tafi ya lanƙwasa, wani ya shiga cikin ɗan'uwansa, wani ya fara da kyau ya ƙare a cikin ciyawa. Babu macen Amish da za ta yi wannan dashen ta iya fita cikin mutane. A tsakiya ga Dat durƙushe da bokiti biyu, yana ba kowane tushe ruwa da kofin shan kofinsa.

"Dat!"

Ya ɗago, ya dube ni, ya dubi selerin, kamar yana tunanin ko zai iya tsayawa a gabansa ya rufe shi.

"Mene ne wannan?"

"Seleri."

"Na ga seleri ne! Na wa?"

Ya ajiye kofin. Ya goge hannu a wando, a hankali, yadda yake yin komai. "Naki."

"Ni na ce maka zan yi aure?"

"A'a. Mamm ɗinki ce ta ce."

Na zauna a kan kunya, cikin laka da komai. Dat ya cire malafarsa yana juya ta a hannu. Abin da ya faɗa bayan nan ya fi duk maganar da na ji daga bakinsa a shekara guda.

"Ana saura kwana kaɗan, ta kira ni. Ta ce, Jonas, shekara ɗaya ta ishe ta baƙar riga. Idan ta cika, ka dasa mata seleri. In ba haka ba yarinyar nan za ta tsufa tana soya maka ƙwai, tana cewa nufin Allah ne, alhali tsoro ne." Ya ƙara juya malafar. "Ta ce ɗan Smucker ne, mai kunnuwan nan. Tun kuna makaranta ta gani."

Na fashe da kuka, irin mai majina, wanda rabona da shi tun ranar jana'iza. Na yi kewar Mamm a wannan lokacin fiye da kowane lokaci, har na ji haushinta kaɗan, mutum yana kabari amma ya fi ka sanin zuciyarka.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Na ce bari ya kama ƙasa tukuna. Idan ya mutu, ba sai na yi magana ba." Ya sosa gemu. "Na ɓoye shi ga masu tafiya a ƙasa. Na manta da masu hawa rufi."

Ina kuka dariya ta ƙwace min. Sai kuma tsohon tsoron ya dawo. "Wa zai kula da kai, Dat? Ko gishiri ba ka san inda yake ba."

"Yana bayan gwangwanin fulawa. Na gano tun hunturu." Ya mayar da malafarsa. "Yayanki Omar da matarsa za su dawo su karɓi gona. Ni in koma ƙaramin gidan baya. Mun gama magana. Allah bai ba ni ke don in ajiye ba, Malinda. Ita ma aro ya ba ni, da ya karɓa ban mutu ba."

Na gaya masa saƙon Elam, da zancen Crist, da motar da za ta zo da rana tsaka. Dat ya ɗaga kai ya dubi rana. Ta kusa tsayawa a tsakiya.

"Tashi," ya ce.

"In je ina? Dat, budurwa ba ta zuwa gidan saurayi. Unguwa gaba ɗaya za ta ɗauka."

"Ai sun riga sun ɗauka. Bari in ɗaura doki." Ya sunkuya ya tumɓuke tushe ɗaya na seleri, da saiwarsa da lakarsa, ya miƙo min. Sannan ya dubi rigata daga sama har ƙasa. "Ba da wannan ba."

Ban san yadda na hau bene ba. Na cire baƙar rigar na ninke ta, na ɗora a kan gado, na ɗan dafa ta da tafin hannu. Na ciro koriyata daga bayan ƙofa, wadda ni da Mamm muka ɗinka tare, har yanzu tana ƙamshin sabulun da take sawa a cikin kaya. Fil ya soke ni a ƙirji, ya soke ni a ƙugu, ban ko tsaya cewa wash ba. Na sa sabuwar farar hula, a karkace, na sauko. Dat yana riƙe da linzamin Goro, tsohon dokinmu da bai taɓa yin sauri a rayuwarsa ba sai in ya ji ƙamshin hatsi.

"Kada ki kashe min shi," in ji Dat.

Na kusa. Muka bi titi Goro yana mamakin abin da ya same ni. Na wuce gidan Crist, na hango keken Goggo Fronie ɗaure a ƙofa, ita kuma tana tsaye a baranda tana auna kafaɗar babbar 'yarsa da igiya. Na kau da kai. Wannan rigimar tana nan tana jirana, kuma ban san ta inda zan fara kwance ta ba.

Ina shan kwanar titin su Smucker na ga farar motar Don ta fito daga hanyar gidansu, ta nufo ni. Ban yi tunani ba. Na ja linzami na gindaya keken a tsakiyar titi, Goro ya tsaya yana huci. Motar ta ja birki. Don ya leƙo da kai ta taga.

"Baiwar Allah, lafiyarki kuwa?"

Ƙofar gefe ta buɗe. Elam ya sauko cikin rigarsa ta Lahadi, malafa a hannu. Na diro, na tsaya a gabansa da tushen seleri yana ɗigar min da laka a kan takalmi. Duk maganar da na tsara a hanya ta gudu.

"Malinda," ya ce, yana kallon ƙasa. "Ba sai kin zo ba. Crist mutumin kirki ne."

"Mutumin kirki ne, kuma karsana ya zo saye." Na tura masa selerin a ƙirji har ya ɓata masa farar riga. "Dat ne ya dasa. Mamm ce ta sa shi. Layukan duk a karkace suke, abin kunya, kuma ba ni da ango. Crist ba zai ɗanɗana ba sai in kai ka gayyace shi."

Ya riƙe tushen da hannu biyu kamar jariri. Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni sosai, ya ga koriyar rigar. Kunnuwansa suka fara rinewa daga sama.

"Kentucky fa da nisa," ya ce a hankali.

"Na sani."

"Babu Dat ɗinki a can. Babu bukkar wayar nan."

Wannan ta soke ni fiye da fil ɗin. Na tuna muryar da ke cewa a taƙaita, shanu ba sa jira. "Na sani," na ce. "Zan riƙa kira daga can. Ita za ta amsa."

Don ya danna ham. "Elam, tafiya za ka yi ko zama? Ina da wasu fasinjojin."

Elam bai ko waiwaya ba. "Sauke min jakata, Don." Ya ɗaga hannunsa mai laka ya shafa askakkiyar haɓarsa, ya bar mata tabo. "Gara ki sani tun yanzu, Malinda. Gemuna ja zai fito, kuma tsilli-tsilli. Na Dat ɗina ma haka yake."

Na share hawaye da bayan hannu, na ce masa, "Ka bar shi ya fito. Na ga layukan selerin Dat, babu abin da zai ƙara ba ni tsoro."